Yadda Ake Tantance Ƙaramin Naman Kaza Mai Duhun Ciki Da Ke Tsirowa A Ruɓaɓɓun Ganyaye

Idan damina ta kankama a Kaduna, musamman daga watan Yuli zuwa Satumba da ruwa ya fi sauka, ganyayen da suka zube tun rani a gindin mangwaro, darbejiya, malaina da turare sukan jiƙe su fara ruɓewa, kuma a cikinsu ne ƙananan naman kaza, waɗanda wasu ke kira laimar kwaɗi, suke ɓullowa cikin dare ɗaya. Akasarinsu faɗin hularsu bai wuce santimita 1 zuwa 4 ba, launinsu ruwan ƙasa ne ko toka-toka, idan kuma aka birkice su sai a tarar cikinsu ya yi duhu, wani har ya kai ga baƙi. Mai sharar tsakar gida a Unguwar Rimi yana cin karo da su, haka ma mai shan iska a Gamji da ke bakin kogin Kaduna, da ɗalibin da aka tura aikin fili a dajin Afaka.

Tantance irin waɗannan yana ba masana kansu wahala, domin nau'o'i masu yawan gaske ne suke kama da juna a ido. Dangin Psathyrella kaɗai ya ƙunshi nau'i wajen 400, kuma ba shi kaɗai ne mai duhun ciki ba. Saboda haka abin da ya kamata mai farawa ya sa a gaba shi ne gano dangin abin da ya tsinta, ba lallai sai sunansa na ƙarshe ba. Ana kaiwa ga haka ne ta hanyar tara alamomi da wuri, tun kafin su gushe, sannan a riƙa fitar da dangogin da ba su dace ba ɗaya bayan ɗaya. Saurin yana da dalili, domin mafi yawan jikin waɗannan halittu ruwa ne, kuma wanda aka gani da hantsi yana iya canza launi, ya yanƙwane, ko ma ya narke kafin la'asar. A sani kuma tun daga nan cewa sunan da za a samu ta wannan hanya na neman sani ne, bai ba kowa izinin sawa a tukunya ba.

Sassa huɗu za a riƙa ambata: hula, wato samansa; kara, wanda ya ɗauki hular; fallaye, wato siraran shafukan da suke jere a ƙarƙashin hula daga kara zuwa baki; sai garin iri, wato ƙwayoyin haihuwa da suke zubowa daga jikin fallayen, waɗanda ido ba ya ganinsu sai sun taru da yawa.

Kayan aiki

Ka tanadi ƙaramar wuƙa, sanda, rula, waya mai kyamara, littafi da biro, farar takarda da baƙa, kofin gilashi, da madubin ƙara girma na hannu, wanda ya fi dacewa ya kasance mai ninka girma sau 10. Don ɗauko samfuri ka nemi tsohuwar jarida ko ambulan, da ƙaramin kwali. Kada ka yi amfani da leda, domin tana riƙe gumi da zafi, kuma ƙaramin naman kazan da ya daɗe a cikinta yakan dagargaje har ya rasa duk wata alamar da za a gane shi da ita.

Mataki na ɗaya: duba wurin kafin ka cire

Kafin ka kai hannu, ka motsa ganyen da ke kewaye da sanda, saboda tarin ganye mai danshi maɓoya ce ta kunama da macizai, kuma kasa musamman takan kwanta a ciki ba motsi, launinta ya saje da na ganyen. Shi kansa naman kazan, ko da mai guba ne, taɓa shi ba ya cutarwa, wanke hannu da sabulu bayan an gama ya wadatar.

Ka ɗauki hotonsa yana tsaye a inda ya tsiro, ɗaya daga sama, ɗaya daga gefe kana mai kusanta wayar da ƙasa, ɗaya kuma daga ɗan nesa wanda zai nuna itatuwan wurin. Ka ajiye rula a gefensa don a ga girmansa, kuma ka kashe fitilar kyamara, domin haskenta yana ɓata ainihin launi.

Tambaya mafi nauyi a wannan mataki ita ce a jikin me ya tsiro, kuma a nan aka fi yin kuskure, domin ganinsa a cikin ganye ba ya nufin ganyen yake ci. Ka yaye ganyen a hankali ka bi karan har gindi. Wani za ka same shi manne da ganye guda, har idan ka ɗaga shi ganyen ya biyo shi. Wani kuwa daga ruɓaɓɓen reshe ya fito, ko daga matacciyar saiwa da ke binne, wanda ba za ka gani ba sai ka tona da bakin wuƙa. Wani daga tsohon kashin shanu ne da ganye ya rufe, abin da ake yawan samu a bayan gari inda garke ke ratsawa. Akwai masu fitowa a wurin da aka taɓa ƙona shara, akwai kuma na kusa da suri. Kowanne yana nuna hanya daban: ruɓaɓɓen ice yana karkata ga Psathyrella, Coprinellus, Hypholoma da Galerina, kashin dabbobi yana karkata ga Panaeolus da wasu Psilocybe, gidan gara kuma na Termitomyces ne, wanda mutanen karkara suka daɗe da sani suna ci, amma shi fallayensa masu haske ne, ba ya cikin masu duhun ciki.

Ka rubuta sunan itacen da ke inuwa a kansa. A dazuzzukan doka na wannan yanki akwai dangogi irin su Amanita da Russula da suke rayuwa haɗe da saiwar itacen, kuma ko da yake su akasari sun fi girma kuma fallayensu farare ne, sanin itacen zai taimaki duk masanin da ka nuna wa samfurin. Ka rubuta har da kwanan wata, da ranar da aka yi ruwa na ƙarshe, da yadda suka fito: ɗaya tilo, ko a warwatse, ko cunkus daga gindi ɗaya.

Mataki na biyu: tono shi gaba ɗaya

Kada ka fizge shi, kada kuma ka yanke shi a tsakiyar kara. Ka cusa wuƙa a ƙarƙashinsa ka ɗago shi tare da ɗan abin da ya tsiro a kai, domin gindin kara yana ɗauke da alamomin da ba a samu a wani wuri: ko ya kumbura, ko yana zaune a cikin wata 'yar jaka, ko ya yi doguwar jela cikin ƙasa, ko fararen zarurruka sun kewaye shi. Jakar gindi alama ce ta Amanita da Volvariella, kuma wanda ya bar ta a ƙasa ya bar babbar shaida.

Idan suna da yawa, ka ɗauki ƙarami wanda bai buɗe ba, da matsakaici, da tsoho. Wannan ba ƙari ba ne, larura ce, domin a wannan rukuni launin fallaye yana sauyawa da girma, kuma ƙaramin ne kaɗai zai nuna maka launinsu na asali da mayafin da ya rufe su tun farko. Ka naɗe kowane tsinko a takardarsa daban, ka ba shi lamba, kada ka haɗa na gindin mangwaro da na gindin darbejiya ko da sun yi kama.

Mataki na uku: hula

Ka auna faɗinta, ka rubuta siffarta: mai tsini ce, ko kamar ƙararrawa, ko ta baje, ko tana da ɗan tudu a tsakiya. Ka shafa ta da jiƙaƙƙen yatsa ka ji ko tana da yauƙi. Ka duba ta da madubi ko akwai ƙananan ƙwayoyi masu ƙyalli a samanta, ko gashi-gashi, ko fararen ɓarɓashi suna reto a bakinta, waɗanda ragowar mayafi ne kuma ruwan sama ɗaya yana iya wanke su. Ka lura ko akwai zane-zane daga baki zuwa tsakiya, kuma ka bambance zanen da ake gani saboda hular ta yi siriri har inuwar fallaye ta bayyana, da ainihin kwarmin da farce zai ji.

Sai ka ajiye guda ɗaya a inuwa na rabin awa ka sake dubawa. Hular yawancin Psathyrella tana shan ruwa ta yi duhu, idan ta fara bushewa kuma sai ta koɗe daga tsakiya zuwa baki, ta koma fari-fari, har mutum ya ɗauka nau'i biyu ya tsinko. Wannan hali abin rubutawa ne, amma shi kaɗai ba ya yanke hukunci, domin Galerina da Psilocybe da yawa ma suna yin haka.

Mataki na huɗu: fallaye

Ka tsaga guda ɗaya gida biyu daga saman hula har gindin kara da reza ko wuƙa mai kaifi, domin ta haka ne kawai ake ganin yadda fallaye suka haɗu da kara. Idan sun tsaya ba su taɓa karan ba, ya zama akwai ɗan fili zagaye da shi, wannan babbar alama ce ta Agaricus da 'yan'uwansa. Idan sun manne da shi, ka duba ko mannewar mai faɗi ce ko 'yar kaɗan, ko kuma sun gangara a jikinsa. Ka rubuta ko sun matsu da juna ko akwai tazara.

Daga nan ka kai madubi kan fuskar falle guda. Idan ka ga ta yi dabbare-dabbare, baƙi da toka kamar jikin zabuwa, to ka kusa da Panaeolus, kuma dalilin wannan zane shi ne ƙwayoyin irinsa ba sa nuna lokaci ɗaya, wani fegi yana riga wani yin baƙi. Ka duba bakin fallen ko ya fi sauran haske, sannan ka duba na tsohon ko ya fara jiƙewa yana zama baƙin ruwa. Wannan narkewa ba ruɓa ba ce, hanyar wasu dangogi ce ta sakin iri, inda fallen ke cinye kansa daga baki zuwa ciki.

A ƙarshe ka gwada launin fallayen ƙarami da na tsoho. Daga ruwan hoda zuwa launin cakulan hanyar Agaricus ce. Daga fari-fari zuwa toka mai ɗan shunayya, sannan ruwan ƙasa mai duhu, hanyar Psathyrella da makusantansa ce.

Mataki na biyar: kara da wari

Ka auna tsawo da kauri, ka duba ko cikinsa rami ne, sannan ka lanƙwasa shi. Karan Psathyrella fari ne, kuma yakan karye nan take ba gardama, alhali na Marasmius, wanda shi ma ya cika ganyayen damina, yana da tauri, yana lanƙwasuwa ba ya karyewa. Ka nemi zobe, wato ragowar mayafin da ya kewaye jikin karan, ko da ɗan zare-zare ne da garin iri ya rina, ka rubuta launin da ya rinu. Ka murza gindin karan da bakin hula ka jira minti 10 zuwa 20 ka ga ko wurin zai koma shuɗi, ko rawaya, ko ja. Ka shinshina ka rubuta abin da ka ji. Wasu littattafan ƙasashen waje suna maganar ɗanɗanawa a tofar, amma a ganina mai farawa ba shi da hurumin yin haka da ƙananan masu ruwan ƙasa, don haka ka bar wannan gwaji kwata-kwata.

Mataki na shida: ɗaukar shatin garin iri

Ɗaukar shati, wato zanen da garin iri ke bari idan ya zubo a kan takarda, shi ne ginshiƙin aikin duka, kuma ya kamata a fara shi da zarar an iso gida. Dalili shi ne launin fallaye yana iya yaudara: akwai masu fallaye toka-toka da irinsu fari ne, akwai kuma masu fallaye ruwan ƙasa mai duhu da irinsu launin tsatsa ne, kuma tsakanin tsatsa da ruwan ƙasa mai duhu akwai tazarar da ta kai ta rai da mutuwa. Tun a 1821 masanin nan ɗan ƙasar Suwidin, Elias Fries, ya karkasa naman kaza masu fallaye bisa launin irinsu, kuma duk da cewa binciken ƙwayoyin halitta ya rushe rabe-rabe da yawa daga baya, har yau da wannan launi ake fara tantancewa.

Ka zaɓi wanda ya buɗe sosai amma bai tsufa ba, ka yanke karan daidai ƙarƙashin hula. Ka haɗa farar takarda da baƙa gefe da gefe, ka kifa hular a kan mahaɗarsu, fallaye suna kallon ƙasa, yadda rabi zai zuba a fari rabi a baƙi. Wanda yake da ɗan gilashi mai tsabta ya fi kyau ya yi a kansa, domin daga baya zai iya ɗora shi a kan kowane launi. Ka ɗiga ruwa ɗigo ɗaya a saman hular don kada ta bushe, ka kife kofin gilashi a kanta, ka ajiye a inda fanka ba ta kaiwa kuma yara ba sa isa. Ƙananan huluna sukan ba da shati cikin awa 2 zuwa 8, wasu kuma sai sun kwana. Masu narkewa kuwa kada ka bar su fiye da awa ɗaya ko biyu ba ka leƙa ba, in ba haka ba tabon baƙin ruwa za ka tarar.

Ka ɗaga hular tsaye ba tare da ka ja ta ba. Ka duba shatin da hasken rana a bakin taga, domin ƙwan lantarki yana sauya launi, musamman tsakanin ruwan ƙasa da shunayya. Idan shatin ya yi siriri, ka tattara garin wuri guda da bakin reza, launin zai fi fitowa idan ya taru. Idan babu abin da ya zuba, to samfurin ya yi ƙanƙanta, ko ya tsufa, ko ya bushe a hanya, sai ka sake da wani. Kada ka yi ƙiyasin launin daga kallon fallaye ka rubuta shi a matsayin shati.

Mataki na bakwai: haɗa alamomin

Idan shatin baƙi ne wuluk, hanyoyi biyu ne suka fi kusa. Fallaye masu dabbare-dabbare da ba sa narkewa, hula mai kamar ƙararrawa, dogon siririn kara, da kashin dabba ko ciyawa a gindi, duk suna nuna Panaeolus. Idan kuwa hular tana da kwarmi-kwarmi kuma fallayen suna narkewa, to yana cikin masu tawada, waɗanda a da ake haɗa su duka a dangin Coprinus, kafin masana su raba su gida huɗu a 2001: Coprinus, Coprinopsis, Coprinellus da Parasola. Coprinellus yakan fito cunkus a kan ruɓaɓɓen ice ko kusa da kututture, sau da yawa da ƙwayoyi masu ƙyalli a hula. Parasola siriri ne ƙwarai, hularsa a baje mai ninki-ninki, ba shi da ko ɓurɓushin mayafi, kuma shi yanƙwanewa yake yi da rana ta ɗaga maimakon ya zama ruwa. Akwai kuma Coprinellus disseminatus, wanda yakan fito ɗaruruwa a wuri guda, shi ma ba ya narkewa sosai, don haka rashin narkewa bai isa ya fitar da samfuri daga wannan rukuni ba.

Idan shatin ruwan ƙasa ne mai duhu, fallaye manne da kara, karan fari mai saurin karyewa, hular kuma mai koɗewa, to mafi kusa shi ne Psathyrella, kuma ga ƙaramin mai duhun ciki da aka samu a ganye ko ɓarɓashin ice, shi ne zaton da ya kamata a fara gwadawa. Wani sananne a cikinsu, wanda ake samu a sassan duniya da dama a kewayen matattun itatuwa, shi ne Candolleomyces candolleanus, da har zuwa 2020 ake kira Psathyrella candolleana. Hularsa launin zuma ce da ke komawa fari-fari, kuma yana ƙarami ana ganin fararen ɓarɓashi a bakinta. Idan shatin launin cakulan ne amma fallayen ba su taɓa kara ba kuma akwai zobe, sai a koma ga Agaricus, ko ƙaramin ɗan'uwansa na ƙasashe masu zafi, Micropsalliota. Agaricus ɗin da gindinsa ya koma rawaya da aka murza, kuma yake warin tawada ko maganin asibiti, yana cikin masu ɓata ciki.

Shati mai ruwan ƙasa da ya karkata ga shunayya yana kai mutum ga Hypholoma idan cunkus ne a kan ice, ko Stropharia, ko Psilocybe. Komawa shuɗi bayan murzawa, wanda ake gani a wasu Psilocybe da wasu Panaeolus, alama ce ta sinadarin silosaibin mai gusar da hankali, wanda yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1971 ta sa cikin abubuwan da aka tsaurara wa doka.

Idan shatin ya fito launin tsatsa, to samfurinka ba ya cikin masu baƙin iri ko da fallayensa sun yi duhu, kuma nan ne wurin taka-tsantsan. A wannan rukuni ake samun Galerina, Conocybe da Pholiotina, kuma an tabbatar wasu daga cikinsu, kamar Galerina marginata da Pholiotina rugosa, suna ɗauke da gubar amatoksin mai lalata hanta, wadda ita ce gubar da ke cikin Amanita phalloides, sanannen naman kaza mai kisa. Galerina marginata da Pholiotina rugosa dukansu ƙanana ne, ruwan ƙasa, masu ɗan zobe a kara, ba su da wata siffa mai ban tsoro. Farin shati kuwa yana mayar da kai ga Mycena, Marasmius ko Gymnopus, kuma ana gwada Marasmius da cewa idan ya bushe aka jiƙa shi yakan farfaɗo ya koma siffarsa. Ruwan hoda yana nuna Entoloma, Pluteus ko Volvariella. Kore kuma, wanda ba kasafai yake fitowa daga ƙarami ba, na Chlorophyllum molybdites ne, babban farin nan da ke fitowa a filayen ciyawa yana jawo amai da gudawa mai tsanani.

Idan alama ɗaya ta saɓa wa sauran, kada ka danne ta don sunan da kake so ya tabbata. Ka rubuta dangogi biyu ko uku da suka rage, tare da alamar da ta hana ka yanke hukunci. Wani abin lura kuma shi ne yawancin hotuna da bayanan da ke intanet na Turai da Amurka ne, kuma naman kazan Afirka ta Yamma bai samu irin wannan bincike ba, don haka kamanni da hoton wani nau'i na Ingila ba hujja ba ce cewa shi ne.

Mataki na takwas: busarwa da neman masani

Daga dangi zuwa nau'i sai da na'urar maikuroskof mai nuna abin da ido ba ya gani, domin a nan ake auna ƙwayar iri, wadda a wannan rukuni tsawonta yakan kasance tsakanin maikuromita 6 zuwa 15 (maikuromita ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), a duba ko tana da ɗan rami a kanta, a kuma duba siffar wasu ƙwayoyin halitta da ke bakin fallaye. Tun daga 2012 kuma masana suka amince da wani yanki na ƙwayar gado da ake kira ITS a matsayin ma'aunin tantance wannan rukuni na halittu. Duka biyun suna buƙatar busasshen samfuri mai kyau.

Ka busar da shi a ranar da ka tsinko, da zafi mai sauƙi kamar digiri 40 zuwa 45 a ma'aunin Celsius da iska mai ratsawa, misali a kan raga a saman ƙwan lantarki mai ɗumi. Kada ka gasa shi a murhu. Da yake iskar damina tana da danshi, idan ya bushe ƙayau ka sa shi a ambulan, ka sa ambulan ɗin a kwalba mai murfi tare da 'yan ƙunshin ƙwayoyin shan danshi da ake samu a kwalin takalma ko na magani. Ka naɗe takardar shatin ka haɗa, ka rubuta lamba, kwanan wata, wuri, abin da ya tsiro a kai, da launinsa yana ɗanye.

Da wannan za ka iya tuntuɓar sashen nazarin tsirrai ko na ƙananan halittu a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ko Jami'ar Jihar Kaduna. Za ka iya kuma ɗora hotunan a manhajar iNaturalist, inda masu sani daga ƙasashe daban-daban suke duba abin da aka ɗora, amma ka haɗa da hoton fallaye, da na gindin kara, da na shati, domin hoton saman hula kaɗai ba ya isar kowa. Sunan da manhaja ta bayar da kanta zato ne na kwamfuta, kuma a kan ƙananan masu ruwan ƙasa ba abin dogaro ba ne.

Idan wani ya riga ya ci

Gwaje-gwajen da ake yaɗawa ba su da tushe. Ganin tsutsa ko dodon koɗi yana ci ba ya nuna mutum zai tsira, cokalin azurfa ko albasa ba sa canza launi saboda guba, kuma dafawa, soyawa ko shanyawa ba sa kashe amatoksin. Da yake ƙananan yara masu rarrafe ne suka fi kai irin waɗannan baki, gidan da ke da yara ya kamata a riƙa tsince su da safe a kwashe tarin ganyen.

Idan an ci, a tafi asibiti nan take ba tare da jiran alama ba, a Kaduna akwai Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, a Zariya kuma na Shika. Kada a tsaya ba da manja ko madara, kada kuma a tilasta amai. Amai da gudawar da suka fara cikin awa 3 galibi na masu ɓata ciki ne, waɗanda suka jinkirta har awa 6 zuwa 24 kuwa su suka fi haɗari, domin haka amatoksin yake yi: bayan kwana ɗaya ko biyu mara lafiya yakan ji sauƙi kamar ya warke, alhali hanta tana ci gaba da lalacewa, sai idanu su yi rawaya a rana ta uku ko ta huɗu. Saboda haka jin sauƙi ba dalilin barin asibiti ba ne sai likita ya sallama. A tafi da ragowar naman kazan a naɗe cikin takarda, da ragowar abincin idan dafa shi aka yi, da hotunan da aka ɗauka, kuma a gaya wa likita lokacin da aka ci, da yawan abin da aka ci, da lokacin da alama ta farko ta bayyana, da sunayen duk waɗanda suka ci tare ko da ba su fara jin komai ba.